Babi na Huɗu: Sharhi Kan Amfani da Taƙaitattun Sunaye a Jaridun Hausa na Intanet

4.0 GABATARWA

A wannan babi za a yi sharhi ne a kan yadda jaridun Hausa da ake bugawa a intanet suke amfani da taƙaitattun sunaye, wato irin su INEC da EFCC da ASUU da MDD, waɗanda da wuya mutum ya karanta labari guda bai ci karo da ɗaya ko biyu daga cikinsu ba. Za a fara da bayyana ma'anar taƙaitaccen suna da rabe-rabensa, sannan a waiwayi yadda Hausa ta saba karɓar irin waɗannan sunaye tun zamanin Turawan mulkin mallaka. Daga nan sai a dubi inda marubuta suka yi abin yabo, da inda suka gaza, da uzurin da ake kawo musu, kana a ba da shawarwari. Ma'aunin da aka ɗora sharhin a kai guda ɗaya ne: shin Bahaushen da bai ji Ingilishi ko Faransanci ba zai fahimci labarin in ya karanta, ko kuwa a'a? Misalan jimlolin da za a gani an tsara su ne domin bayani, bisa ƙirar jimlolin da aka fi cin karo da su.

4.1 MA'ANAR TAƘAITACCEN SUNA DA RABE-RABENSA

Abin da ake nufi da taƙaitaccen suna a wannan nazari shi ne sunan da aka gina ta hanyar tsinto haruffan farko, ko gaɓoɓin farko, na kalmomin wani dogon suna, aka harhaɗa su wuri ɗaya domin su tsaya a madadinsa. Idan aka yi la'akari da yadda ake furta su, ana iya kasa su gida uku kamar haka:

(a) Waɗanda ake kiran haruffansu ɗaya bayan ɗaya, kamar PDP da CBN da BBC da NNPC.

(b) Waɗanda ake furtawa kamar kalma guda, kamar NEPA da JAMB da ASUU da NAFDAC.

(c) Waɗanda a rubutu kawai ake taƙaita su, amma wajen karatu sai a faɗi cikakken lafazinsu, kamar MDD a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya, da SAW da SWT da RA a rubuce-rubucen addini.

Kashi na farko da na biyu kusan dukkansu baƙi ne, daga Ingilishi ko Faransanci aka ɗauko su. Kashi na farkon ya fi wuyar sha'ani, domin da sunayen haruffan Ingilishi ake karanta shi. Wanda ya koyi karatun boko da Hausa kaɗai, idan ya ga CBN ba shi da hanyar da zai san cewa "si-bi-en" ake faɗi, tun da harafin "c" a wurinsa sautin farkon kalmar "ciki" ne. Bugu da ƙari, haruffan P da Q da V da X ba sa cikin abajadin Hausa, ga shi kuma su ne suka cika sunaye irin su PDP da PVC da BVN da BVAS. Kashi na uku ne kaɗai za a iya cewa ɗan gida ne, saboda mai karatu yana iya gano asalinsa daga harshensa ko daga addininsa.

4.2 YADDA HAUSA TA SABA KARƁAR TAƘAITATTUN SUNAYE

Cuɗanyar Hausa da taƙaitattun sunaye ta daɗe. Tun zamanin Turawa, Hausawa sun ji N.A. suka mayar da ita "En'e", sun ji D.O. suka ce "Di'o", ɗan sandan ciki kuma na C.I.D. ya zama "si'aidi". Da siyasa ta zo, aka kafa NEPU a Kano a 1950, sai jama'a suka riƙa cewa "Nefu", suna kuma kiran ta Jam'iyyar Neman Sawaba. Hukumar wutar lantarki ta NEPA, wadda aka kafa a 1972, ta zama "Nefa" ko "Nepa". An sauya mata suna zuwa PHCN a 2005, aka kuma sayar da sassan rarraba wutar ga kamfanoni a 2013, har Kano da Katsina da Jigawa suka koma hannun KEDCO, amma duk da haka idan wuta ta dawo "Nepa ta kawo" yara suke cewa. Haka nan sunan hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano ya haifar da "ɗan Karota" da "'yan Karota".

Abubuwa biyu ne za a lura da su a nan. Na farko, Hausa ba ta karɓar irin wannan suna sai ta sarrafa shi ya dace da tsarin sautinta: ta musanya sautin da ba ta da shi, ta gyara gaɓoɓinsa, ta ba shi jinsi. Shi ya sa T.V. da T.B. duk suka zama "tibi", sai dai a bambance su da cewa "kallon tibi" da "tarin tibi". Na biyu, ta kunne aka karɓi waɗannan sunaye, bayan an shafe shekaru ana jin su, kuma abin da suke nufi yana gaban idon jama'a kullum. Wanda ya biya haraji a baitulmalin En'e ba ya bukatar a fassara masa En'e.

Intanet ta sauya wannan tsari. Yanzu ta ido sunayen suke shigowa, da yawan gaske, kuma wani kafin a saba da shi har an daina yayinsa. Harshe ba ya samun sukunin tauna su balle ya haɗiye. Saboda haka nauyin da a da lokaci yake ɗauka, na sabar wa jama'a da suna, yanzu ya dawo wuyan marubuci.

4.3 INDA AKA YI ABIN YABO

Adalci ne a fara da faɗin abin da aka yi daidai. Da yawa daga cikin shafukan labarai na Hausa gidajen rediyo ne suka haife su. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Rediyon Faransa kuma a 2007. Mai karanta labarai a rediyo ya san mai sauraro ba zai iya komawa baya ya sake ji ba, don haka aka saba da gabatar da bayanin Hausa kafin taƙaitaccen sunan, kamar a ce "hukumar zaɓe mai zaman kanta ta ƙasa, INEC", ko "ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU", ko "hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA". Wannan ɗabi'a ta biyo ma'aikatan zuwa intanet, kuma ita ce mafi kyawun abin da jaridun suka gada.

Kyawun wannan salo shi ne bai tsaya warware haruffan da Ingilishi ba, wanda ba zai ƙara wa Bahaushe komai ba. Aikin hukumar yake faɗa da Hausa, sannan ya maƙala mata alamarta. Mai karatu ya samu ma'ana, ya kuma samu haruffan da zai gani a jikin mota ko allon ofis. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan.

Abin yabo na biyu shi ne ƙirƙiro MDD. Wannan ya nuna cewa Hausa tana iya gina nata taƙaitaccen sunan daga kalmominta, wanda Bahaushen Kano da na Maraɗi za su fahimta daidai wa daida.

4.4 INDA AKA GAZA

4.4.1 Jefo suna ba tare da bayani ba

Babbar matsalar ita ce marubuci ya ɗauka cewa abin da ya sani kowa ma ya sani. Dubi waɗannan jimloli biyu:

(1) NCC ta umarci a rufe layukan da ba su da NIN.

(2) Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukan da ba a haɗa su da lambar shaidar zama ɗan ƙasa ba, wato NIN.

Jimla ta (1) tana iya wucewa a matsayin kanun labari, matuƙar sakin layi na farko zai zo da irin jimla ta (2). Abin takaici shi ne akan samu labarin da zai fara ya ƙare da salon jimla ta (1). Batun haɗa layin waya da lambar NIN, wanda gwamnatin Nijeriya ta ba da umarninsa a Disamba 2020, ya shafi kowane mai waya, har da tsohuwar da ke karɓar saƙon ɗanta daga birni. Wanda bai bambance NIN da BVN ba, wato lambar tantance masu asusun banki da aka ɓullo da ita a 2014, shi ne ɗan damfara ya fi saurin yaudara ya karɓe bayanansa. A nan rashin bayani ya wuce batun salo, ya taɓa aljihun mai karatu.

4.4.2 Suna ɗaya, ma'ana barkatai

Haruffa kaɗan ne, hukumomi kuwa suna da yawa, don haka tilas a yi karo. NCC da aka ambata a sama sunan hukumar sadarwa ne, kuma sunan hukumar kare haƙƙin mallakar marubuta da mawaƙa ne. NPC a wurin dattijo jam'iyyar Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ce, a wurin matashi kuwa hukumar ƙidayar jama'a ce. NEC ita ce hukumar da ta gudanar da zaɓen 12 ga Yuni 1993, ita ce majalisar tattalin arzikin ƙasa da mataimakin shugaban ƙasa yake jagoranta, ita ce kuma kwamitin zartarwa na jam'iyyun siyasa. Idan aka rubuta "NEC ta amince" aka yi shiru, ba a faɗi komai ba. ADC jam'iyya ce, kuma dogarin shugaba ne. APC jam'iyya ce a Nijeriya tun 2013, wata jam'iyyar ce daban a Saliyo, sannan a labarin tsaro motar sulke ce ta ɗaukar sojoji.

Misalin da ya fi fito da wannan matsala shi ne PTF. A zamanin Janar Sani Abacha, PTF asusun rarar kuɗin man fetur ne, wanda Muhammadu Buhari ya shugabanta, aka kuma rushe shi a 1999. A 2020 sai ga wata PTF, wato kwamitin shugaban ƙasa na yaƙi da cutar korona, wanda Buharin ne ya kafa shi yana shugaban ƙasa. Labarin da ya haɗa sunan Buhari da PTF ba tare da bayani ba, kowane mai karatu da inda hankalinsa zai tafi gwargwadon shekarunsa.

Akwai kuma sunayen da suka yi kama da juna har ido ya kasa rarrabe su a fuskar waya, kamar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa da NSCDC ta jami'an tsaron sibil difens, ko NNPC na man fetur da jam'iyyar NNPP. A zaɓen 2023 jam'iyyu 18 ne suka shiga takara, 9 daga cikinsu da harafin A sunansu ya fara: A, AA, AAC, ADC, ADP, APC, APGA, APM da APP. Ba banza ba masu yaƙin neman zaɓe suke cewa a dangwala wa tsintsiya ko lema, domin sun san hoto ya fi haruffa zama a zuciyar jama'a. Ɗan jarida kuwa sau da yawa haruffan kawai yake kawowa.

4.4.3 Karo da kalmomin Hausa

Wannan matsala ce da marubucin da yake fassara daga Ingilishi ba kasafai yake lura da ita ba. Wasu taƙaitattun sunaye sun yi daidai da kalmomin Hausa na yau da kullum. NAN kamfanin dillancin labarai ne na Nijeriya, CAN ƙungiyar Kiristocin Nijeriya ce, SAN muƙamin babban lauya ne, AI kuma ƙirƙirarriyar basira ce ta kwamfuta, ga kuma WAI, shirin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984. Dukkansu akwai takwarorinsu a Hausa: nan, can, san, ai, wai. Manyan baƙaƙe ne kaɗai suke raba su. Dubi abin da zai faru idan aka rasa su:

(3) Nan ya ruwaito cewa shugaban can ya yi gargaɗi a kan ai.

(4) Kamfanin dillancin labarai na NAN ya ruwaito cewa shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN ya yi gargaɗi a kan ƙirƙirarriyar basira, wato AI.

Jimla ta (3) ta zama wasa kwakwalwa. Irin haka yakan faru idan marubuci ya bi salon wasu jaridun Ingila na rubuta harafin farko kaɗai da babban baƙi, ko idan an kwafo labarin an tura ta WhatsApp an sake buga shi da hannu. Haka kuma idan aka rubuta kanun labari gaba ɗaya da manyan baƙaƙe, bambancin ya ɓace ta ɗaya ɓangaren.

4.4.4 Rabuwar Ingilishi da Faransanci

Jaridar takarda, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, iyakarta inda mota ta kai ta. Jaridar intanet kuwa da Zariya da Damagaram da Kumasi duk lokaci ɗaya take isa. Bahaushen Nijeriya da na Gana sun san ECOWAS, na Nijar da na Kamaru da na Chadi sun fi sanin CEDEAO, alhali ƙungiya ɗaya ce, wadda aka kafa a Legas a 1975. Haka WHO da OMS, da IMF da FMI, da NATO da OTAN, da AIDS da SIDA. Gasar cin kofin ƙasashen Afirka AFCON ce a Kaduna, amma CAN ce a Yamai, wanda ya ƙara wa CAN ma'ana ta uku.

Rikicin siyasar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar ya fito da muhimmancin wannan batu, domin a lokacin Hausawan ƙasashen biyu labari ɗaya suke bibiya, kuma ya shafi rufe iyaka da kasuwancinsu da zumuncinsu. Majalisar sojojin da ta karɓi mulki a ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani ta kira kanta CNSP, haruffan da sojojin Mali ma suka yi amfani da su a Agusta 2020, ko da yake cikakkun sunayen biyu sun bambanta. Sai ga AES, ƙawancen Mali da Burkina Faso da Nijar da aka ƙulla a Satumba 2023, waɗanda ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata a Janairu 2025. Wasu kafafen sun yi ƙoƙari suna rubuta "ECOWAS ko CEDEAO", wasu kuwa ɗaya kawai suke kawowa, kamar dai mai karatun da ke ƙetaren iyaka ba ya nan. Abin lura shi ne bayanin Hausa, wato "ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma", shi ne yake haɗa kan kowa.

4.4.5 Rashin tsayayyar fassara

Ko inda aka yi bayanin, ba koyaushe yake zama ɗaya ba. EFCC takan zama "hukumar yaƙi da masu yi wa tattalin arzikin ƙasa zagon ƙasa" a wannan shafi, a wancan ta zama "mai yaƙi da masu yi wa tattalin arziki ta'annati", a wani kuma "hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa". Wannan na ƙarshen kuwa shi ne ake ba ICPC, wadda aka kafa a 2000, kafin EFCC ta fara aiki a 2003. Mai karatu sai ya zaci hukuma ɗaya ce mai suna biyu. Haka laƙabin "jami'an tsaro na farin kaya", wanda aka san DSS da shi, wasu sukan ba NSCDC. Bayanin da yake sauyawa daga labari zuwa labari ba ya barin suna ya kafu a kan mai karatu.

4.4.6 Jinsi da jam'i

Kowane suna tilo a Hausa yana da jinsi, kuma lamirin da ya biyo shi dole ya dace da shi. Hanyar da ta fi ma'ana ita ce taƙaitaccen suna ya ɗauki jinsin kalmar Hausar da yake wakilta. Don haka "INEC ta ce" saboda hukuma ce, "APC ta ce" saboda jam'iyya ce, amma "CBN ya ce" saboda banki ne, "NNPC ya ce" saboda kamfani ne, "IMF ya ce" saboda asusu ne. Sai dai akan ga an ba suna ɗaya "ya" a sakin layi na farko, a ba shi "ta" a na uku. Wannan alama ce ta cewa marubucin bai tsayar da kalmar Hausar a zuciyarsa ba tun farko.

Ta fuskar jam'i kuma, ana kwaso sunaye tare da harafin "s" na jam'in Ingilishi, kamar NGOs da IDPs da LGAs. Hausa ba ta san wannan ɗafi ba, kuma ba ta bukatarsa, tun da tana da "ƙungiyoyi masu zaman kansu" da "'yan gudun hijira" da "ƙananan hukumomi". Haka FG da IGP da PVC da VC: akwai "gwamnatin tarayya" da "sufeto janar na 'yan sanda" da "katin zaɓe" da "shugaban jami'a". Aron abin da kake da shi a ɗakinka lalaci ne.

4.4.7 Baƙaƙe masu lanƙwasa

Idan aka bi ƙa'idar rubutun Hausa, MƊD ya kamata a rubuta, domin kalmar tsakiya "Ɗinkin" ce. An saba da MDD ne tun lokacin da keken rubutu da wayoyin farko ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Akwai ma dalili na kuɗi: gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar baƙi mai lanƙwasa guda ya shiga sai adadin ya faɗo zuwa 70. A yau kwamfuta da wayoyin zamani suna iya rubuta Ɓ da Ɗ da Ƙ. Ko da za a bar MDD yadda aka san ta, duk wani sabon suna da za a gina daga kalmomi irin su "ƙungiya" da "ƙasa" ya kamata ya fito da baƙinsa na gaskiya.

Dangane da SAW da makamantansa kuwa, akwai malaman da tun da daɗewa ba sa son a taƙaita salatin Annabi a rubuce. Tun da shafin intanet ba ya ƙarancin fili, rubuta shi cikakke ya fi kuɓutar da marubuci.

4.5 UZURIN DA AKE KAWO WA MARUBUTA

Ana iya kare marubutan da hujjoji uku. Na farko, ƙarancin fili a kanun labari da shafukan sada zumunta. Twitter, wanda ya koma X a 2023, haruffa 140 ya ƙayyade har zuwa 2017 da ya ninka su zuwa 280. Wannan uzuri karɓaɓɓe ne a kanu, amma bai kai ga gangar jikin labari ba, inda ba a biyan kuɗin tawada ko takarda.

Na biyu, mutane da taƙaitaccen sunan suke neman labari. Ɗalibin da yake jiran sakamako JAMB ko NECO zai rubuta a wurin bincike, kuma su zai gani a takardunsa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa wannan nazari bai nemi a kori taƙaitattun sunaye ba. Abin da hujjar ta tabbatar shi ne a ajiye sunan, ba ta hana a yi masa bayani ba.

Na uku, cewa maimaita bayani yana gundurar wanda ya riga ya sani. Amsar ita ce wanda ya sani tsallake kalmomi biyar kawai zai yi, wanda bai sani ba kuwa labarin ne gaba ɗaya ya kuɓuce masa. Har ila yau, mai karatun intanet ba daga shafin farko yake farawa ba. Wani ne zai turo masa labari guda ta Facebook, mai yiwuwa ma bayan shekara biyar da rubuta shi. Don haka ba a cewa ai an yi bayani jiya. Kowane labari tilas ya tsaya da ƙafarsa.

4.6 SHAWARWARI

Bisa abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

1. A karon farko da suna ya fito a cikin labari, a fara kawo bayaninsa da Hausa sannan haruffan su biyo baya.

2. Kada a kawo taƙaitaccen sunan da sau ɗaya kawai zai fito, sai in mai karatu zai bukace shi a takarda ko a ofis.

3. Inda Hausa take da sananniyar kalma, a yi amfani da ita.

4. A rubuta taƙaitattun sunaye da manyan baƙaƙe duka, musamman masu karo da kalmomin Hausa. Waɗanda suka riga suka zama 'yan gida, kamar En'e da Nepa da Karota, a rubuta su kamar sauran kalmomi.

5. A labarin da ya shafi ƙasashe fiye da ɗaya, a kawo sunan Ingilishi da na Faransanci tare a karon farko.

6. Kowace kafa ta tanadi jerin sunaye da tsayayyar fassararsu da jinsinsu. Zai fi kyau sassan Hausa na jami'o'i, tare da cibiyar Jami'ar Bayero da ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, su haɗa kai da 'yan jaridun Nijeriya da Nijar a fitar da jeri guda na bai ɗaya.

4.7 NAƊEWA

A wannan babi an ga cewa Hausa ta daɗe tana karɓar taƙaitattun sunaye tana mayar da su nata, amma ta kunne kuma a sannu. An nuna cewa jaridun intanet sun gaji kyakkyawan salo daga rediyo na gabatar da bayanin Hausa kafin haruffa, sai dai ba koyaushe suke riƙe shi ba. An kuma fito da matsaloli bakwai, tun daga rashin bayani har zuwa baƙaƙe masu lanƙwasa, aka auna uzurin marubuta aka ga bai wuce kanun labari ba. Hukuncin da wannan sharhi ya kai gare shi shi ne, labarin da aka rubuta da Hausa amma sai mai jin Turanci ne zai gane shi, bai cika aikin da aka rubuta shi dominsa ba. Babi na gaba zai kawo jawabin kammalawa na wannan aiki baki ɗaya.